Masarar da Ta Ƙi Fashewa

Kusan kowane wata sai an kawo mini wata yarinya an ce in koya mata gugguru, kuma duk da magana ɗaya suke zuwa: ai sun gani a waya, masara ce da mai da sikari, a rufe tukunya a jira. Wata ma da ta zo kwanan baya, da farcenta zaƙo-zaƙo, cewa ta yi kwana biyu ya ishe ta. Na ce mata kwana biyu ya ishe ta ƙona mini tukunya, wannan kam ban musa ba. To, tunda yau kun taru har ku huɗu, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni Binta, wadda kuke ce wa Maman Sadiya, na haura shekara ashirin ina girgiza tukunya, kuma teburin nan da kuke gani a bakin kasuwar Gudu ba daga sama ya faɗo ba. Zan faɗa muku yadda ake yi. Zan kuma faɗa muku wani abu da na aikata a cikin sana'ar nan wanda har yau nake jin kunyarsa, don gara ku ji daga bakina da ku ji a bakin mutanen Kurudu.

Tukunyar farko da na ƙona, a Kurudun ne, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, babu famfo. Daga Zariya muka zo, maigidana yana tuƙa tifa, ni kuwa ina kwance ina ƙirga kwanon rufi. Maƙwabciyata ƙofa da ƙofa wata Kirista ce 'yar Kagoro, ana ce mata Maman Rifkatu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Gugguru take yi tana kaiwa makarantu, ƙamshinsa ne yake tashina kowace safiya. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Ranar da na roƙe ta ta koya mini, ba ta ce a'a ba, ba ta kuma nemi ko sisi ba. Tukunya ta miƙo mini ta ce in gwada ta gani, tunda na ce kullum ina kallonta. Na zuba mai, na zuba masara, na juye sikari a kai gaba ɗaya, na rufe. Kafin minti uku hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har yara suna tari. Ta buɗe murfin ta leƙa, ta ce, "Kai Binta, wannan kwalta ne ka dafa. Je ka kankare, gobe ka dawo." Yini guda na yi ina dirzar ƙasan tukunya da cokali da yashi.

Tukunya ita ce uwar sana'ar. Ba 'yar shafal ɗin nan ta kanti ake so ba. Ta sanholo ake nema, irin wadda maƙera suke zubawa, mai kauri, mai kunne biyu, wadda in ta ɗauki zafi take riƙe shi daidai a ko'ina. Murfi kuwa, Maman Rifkatu da ƙusa ta huda nata wuri biyar don tururi ya riƙa fita. In ya zauna a ciki, gugguru zai fito da danƙo, ana tauna yana manne wa haƙori. Sai tsummoki biyu masu kauri na riƙe kunne da danne murfi, sai babban tire, sai kwandon waya mai manyan idanu, sai leda da kyandir da guntun zarto. A kan risho muka fara, wanda in lagwani ɗaya ya lalace gefe guda ne zai ƙone ɗayan gefen bai ji wuta ba. Yanzu da gas nake aiki. Ya fi sauri, ya kuma fi saurin ɓarna ga wadda hankalinta yake wurin saurayi.

Wata guda cur ba ta sake bari na taɓa wuta ba. Tsinta ta sa ni. A baza masara a faifai, a fitar da tsakuwa, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta tsage. Masarar gugguru daban take da ta tuwo, ƙanana ce, mai sheƙi, mai tauri. Akwai ɗan danshi a can cikinta, shi ne yake fasa ta in ta ji wuta. In ta daɗe a ajiye ta bushe ƙayau, sai a yayyafa mata ruwa kaɗan da yatsu, a rufe a bokiti kwana uku ana girgizawa safe da yamma, ta dawo hayyacinta. Wannan duk ba su nuna muku a waya ba, ko?

Ranar da ta mayar da ni gaban risho, ƙwaya uku ta ba ni, ta ce in jefa cikin mai in jira. Sai ukun nan sun fashe mai ya isa. Sannan a zuba masara, shimfiɗa ɗaya tak a ƙasan tukunya, kada wata ta hau wata. Sikari ba ya shiga sai masarar ta fara ƙyalli tana 'yar tsuwwa, dab da fashewa. In kika riga lokacin ya ƙone, in kika makara ya zauna gari-gari bai narke ba. Daga nan aiki ya bar ido ya koma kunne da wuyan hannu. A danne murfi, a ɗaga, a girgiza, a sauke, a sake ɗagawa. Da farko za ki ji tas, tas, ɗaya-ɗaya, sannan ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, sannan ya fara ja da baya. Da zarar kin iya cewa "bisimilla" tsakanin fashewa ɗaya da mai bi mata, sauke tukunya. Ita Maman Rifkatu "haleluya" take cewa. Tsawonsu ɗaya ne, mun gwada.

Ana juyewa a tire da sauri, a baza, a bar shi ya sha iska. Wadda ta ɗure shi a leda da ɗuminsa, gobe za ta tarar ya yi laushi, ko kyauta ba mai karɓa. Da damina kuma kada a cika jira, don iskar garin nan da kanta jiƙa shi take yi. In ya huce sai a zuba a kwandon waya a rairaye. A nan ne ƙwayoyin da suka ƙi fashewa suke zubewa ƙasa. 'Yan taurin kai muke ce musu. Sun sha wuta sun ƙara tauri, kaji kaɗai suke iyawa da su. A masara mai kyau ba su wuce cikin tafin hannu a tukunya guda. Maman Rifkatu sau biyu take rairaya, ta kuma bi da hannu tana murtsuke duk inda sikari ya haɗa dunƙule, saboda ɗan taurin kai yana son ɓuya a ciki. Sannan a cika leda, a ninke bakinta a kan guntun zarto, a goga a harshen kyandir ya manne. Ku dubi yatsuna biyun nan, ba sa jin zafin kofin shayi.

Cinikin farko da na yi da kaina, a ƙofar wata firamare ne, da tire a ka. A nan na koyi cewa yaro ba ya duba girman leda, nauyinta yake aunawa a hannu, ya kuma dubi jan sikari. Masu keke suna son mai gishiri da gyaɗa a ciki. Matan Fulani da suke kawo nono daga rugagen bayan gari ba sa saye sai sun sayar da nasu, da la'asar, kuma sai sun ɗaga leda sama sun duba ƙasanta a hasken rana. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Madam-madam na cikin gari kuwa su ne masu odar bazde, wato bikin ranar haihuwa, a yi musu ja da kore da ruwan ɗorawa, su kira ki sau bakwai a waya, in kin kai su ce bai yi kamar na silima ba. Wata ta taɓa sa ni na sake rina leda hamsin saboda jan bai dace da rigar 'yarta ba. Duk na iya zama da su.

Aiki mafi girma a shekarar Maman Rifkatu shi ne na cocinsu. Kowace Kirsimeti zumuntar mata suna yi wa yaran makarantar Lahadi biki, a raba musu shinkafa da lemo da gugguru, leda ɗari uku ko fiye, kuma shekara da shekaru ita take yi. To, girgiza tukunya ba ta barin mutum haka nan. Wuyan hannunta na dama ya fara kumbura, har ta kai ba ta iya ɗaga bokitin wanka. 'Yan ledojin makarantu tana lallaɓawa, amma na coci ya fi ƙarfinta. Sai ta kira ni ta ce, "Binta, odar coci kai za ka yi bana. Ni zan kai da sunana, ba sai sun sani ba. Ka san mutane, za su ce me ya sa ba a ba ɗan coci ba." Ladan aikin duka ni ta bar wa. Shekara biyu muka yi haka lafiya lau, mata suna yaba mata, tana dawowa tana juye mini yabon muna dariya.

A shekara ta uku ne masara ta yi mana tutsu. Ta gugguru ta yi wuya a kasuwa, wadda ake samu kuma ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Wani ɗan kasuwa da ban taɓa ciniki da shi ba ya nuna mini buhu da sauƙi. Na damƙi saman na ga ƙwaya mai kyau, na saya ina murna na yi wayo. Da na wuce saman buhun sai na tarar an gauraya ta da wata ƙaramar masarar tuwo, mai kama da ita kamar an tsaga kara. Irin wannan ko shekara za ki yi kina yayyafa mata ruwa ba za ta fashe ba, ido kuma ba ya raba su a faifai. Kowace tukunya na sauke, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan taurin kai ne. Na koma wurin mutumin, ashe ya tattara ya bar kasuwar. Tifar maigidana kuma tana gareji wata na biyu. Ina zuba wa kaji abin da ya kamata ya zama tuwon 'ya'yana, har kajin gidan suka yi ƙiba suka fara bina duk inda na nufa.

Ba ina faɗin wannan don ku tausaya mini ba ne. Kowa ya sha wuya a shekarar, kuma ba kowa ne ya yi abin da na yi ba.

Wata safiya ina kallon kwanon 'yan taurin kai sai dabara ta faɗo mini. Na narka sikari a tukunya har ya yi ja, na watsa su a ciki, na zuba fasasshen gugguru a kai na juya da muciya. Da ya huce sai ya ba ni dunƙule-dunƙule, kowanne ya kai ƙwan zabo, waje fari da ja gwanin sha'awa, cikin kuwa dutse. Na riƙa jefa biyu a kowace leda. Leda ta yi nauyi, ƙasanta tas babu ƙwaya ko ɗaya, ko Bafulatana ta ɗaga a rana ba ta ganin komai. Yara suka haukace a kansa, kowa a ba shi mai dunƙule. Na ce wa zuciyata ai tsotsa suke yi, in sun kai ga ƙwayar su tofar. Na san ƙarya nake yi. Shaida ita ce ban taɓa ba wa 'yata Sadiya ko ɗaya ba, kuma sai Maman Rifkatu ta fita nake haɗa shi.

Da odar coci ta zo, na yi niyyar in yi ta da gaskiya, Allah ne shaidata. Amma da na auna masarar da ta rage, na ga ba za ta cika ledojin ba in har zan zubar da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya dace shi ne in ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da tawa in ce, Mama, ga halin da nake ciki. Taku uku ne. Girman kai ya hana ni, don kada ta ce wadda ta koya wa tsinta da hannunta an cuce ta a kasuwa kamar baƙuwa. Na cika ledojin, na tura dunƙulen can tsakiya inda ba a gani, na ɗure su a buhuna. Ta zo da mai mashin ta ɗauka, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta yarda da hannuna.

Da la'asar ranar bikin ina ɗaki ina tankaɗe, sai na ji hayaniya a tsakar gida. Na ɗaga labule kaɗan. Mata ne kusan goma, duk da zanen zumunta iri ɗaya, a gabansu wata doguwa tana janye da yarinya 'yar shekara tara, farar rigarta ta Kirsimeti duk jini a gaba. Saratu ce sunan yarinyar, doguwar kuwa uwarta ce. Ta ciji dunƙule da haƙoran gaba, ɗaya ya karye a karkace. Kuma ta riga ta yi famfara, wanda ya karye ba mai sake fitowa ba ne. Uwar ta buɗe tafin hannunta a gaban Maman Rifkatu, ga dunƙule an fasa, ga ƙwayoyi biyar a ciki.

"Mama, duba! Wannan ba mistek ba ne, da gangan aka sa. Mun fasa goma, duka haka. Yaran coci, Mama? Kai da kake zama a gaba, kake koya mana tsoron Allah?"

Maman Rifkatu ta karɓi dunƙulen ta juya shi a hannu. Ta san tukunyar da ya fito, ba ta buƙatar tambaya. Ta ɗago kai, idonta ya zo daidai labulena, kuma na tabbata ta ga yatsuna a jikinsa. Ta jira. Ni kaina na san jirana take yi. Sai na saki labulen.

Daga bayansa na ji sauran. Na ji gwiwoyin Maman Rifkatu sun sauka a kan siminti, matar da ta isa ta haifi rabinsu. Na ji ta ce, "Laifina ne. Ku yafe mini, don Allah." Suka faɗa mata maganganun da ba zan maimaita ba, ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina zaune a ƙasa da rariya a cinya, ina roƙon Allah. Ba roƙon ya ba ni ƙarfin fita nake yi ba, a'a, roƙo nake su tafi kawai.

Na ba wa kaina hujja, kuma hujjar ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, shi ya sa ta daɗe tana yi mini aiki. A unguwa irin tamu, in aka ce Musulma ce ta ɓoye wa yaran coci abin karya haƙori ranar Kirsimeti, maganar ba za ta tsaya a kan haƙori ba. Maman Rifkatu ta san wannan, shi ya sa ta durƙusa. Amma ita don gidan da unguwar ta yi shiru. Ni don fatata na yi.

Zumunta suka karɓe odar suka ba wata. Aka sauke ta daga kujerar gaba. Labari ya bi makarantun da take kaiwa, don malaman da yawa 'yan cocin ne, suka ce ta daina kawowa. Aka riƙa nuna ta da baki a Kurudu, ana cewa ga mai sa wa yara tsakuwa. Ta kife tukunyarta ta koma ƙulla gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida. Ni kuwa cinikina bai taɓu ba, har wasu makarantun nata suka dawo wurina, na kuma karɓa. Wannan ma ku riƙe shi. Na zubar da sauran 'yan taurin kan, ban sake dunƙule ba, na riƙa aika mata da tuwo da miyar kuka kullum, sai ka ce tuwo yana wanke laifi. Tana karɓa ta ce an gode. Da safe ta gaishe ni, "Binta, ka tashi lafiya?" yadda ta saba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko yara na ji suna faɗa a waje wani ya ambaci haƙori sai in ɗauka da ni ake. Shekara guda da watanni na yi a haka, har na matsa wa maigidana muka bar gidan muka dawo wajen Gudu. Na ce masa ciniki ya fi a nan.

Abin da ya mayar da ni Kurudu ba wa'azi ba ne. Sadiya ce ta yi famfara, ta rugo da haƙorinta a hannu tana dariya da giɓi, tana tambayata yaushe sabo zai fito. Na ce mata kwanan nan. Washegari ban kunna wuta ba, na shiga mota.

Na same ta a ƙofar gida tana ƙulla gyaɗa da hannun hagu. Na durƙusa, na fara, "Mama, dunƙulen nan..." Ta katse ni.

"Na sani, Binta. Tun ranar na sani, kai ma ka san na sani. Mene ne sabo ka kawo mini?"

Na ce gafara na zo nema.

"Ni na yafe tun tuni, in ba haka ba da ban ci tuwonka ba. Amma ba a ɗakina aka zage ni ba. Zumunta suna taruwa ran Laraba ƙarfe huɗu. Yanzu magana ya yi sanyi, babu wanda zai taɓa ka. In ka iya, ka zo. In ba ka iya ba, ka gaida yara."

Ta ci gaba da ƙullinta.

Laraba uku suka wuce ban je ba. A ta huɗu na je. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, da hijabina har ƙasa, na tsaya cire takalmi a ƙofa suna ce mini ba sai na cire ba. Mata sun fi arba'in a kan benci, ga ganga da tulun kiɗa a ajiye a gefe. Maman Rifkatu tana can layin baya. Shugabarsu ta ce baƙuwa tana da magana. Na tsaya, na faɗa musu komai yadda na faɗa muku yanzu, tun daga buhun har zuwa labulen da na saki. Ban rage ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai wata tsohuwa ta fara kuka, ta tashi ta nufi layin baya, wasu suka bi ta. Suka kama Maman Rifkatu suna ba ta haƙuri, suka jawo ta gaba. Ni babu wadda ta zage ni, babu kuma wadda ta ce in zauna. Maman Saratu ce kaɗai ta zo inda nake. Ta aika aka kira 'yarta daga wurin wasa a waje, ta tsayar da ita a gabana, ta kama haɓarta.

"Buɗe baki, Saratu. Madam, duba da kyau. Ka faɗi naka, mun ji. Wannan shi ne namu."

Haƙorin ya yi baƙi, rabinsa babu.

Na roƙa su bar ni in kai ta wurin likitan haƙori, suka bari. An yi ciko sau biyu yana faɗuwa, likitan ya ce jijiyar ta riga ta mutu, an makara. An mayar wa Maman Rifkatu kujerarta, an ce ta karɓi odarta, amma hannun ya riga ya tafi, makarantun kuma sun saba da wasu. Ba ta sake ɗora tukunya ba. Bayan shekara biyu ta koma Kagoro wurin ɗanta. Can take har yanzu, muna waya da Sallah da Kirsimeti.

Saratu ta girma, ta zama budurwa kyakkyawa, doguwa kamar uwarta. Allah da ikonsa, aiki ta samu a wani shagon kayan waya a cikin kasuwar nan, layi na biyu daga inda muke zaune. Kowace safiya ta nan take wucewa. Ta san ko ni wace ce sarai, amma ba ta taɓa wucewa ba ta ce "Mama, ina kwana" ba. Ba ta taɓa sayen gugguruna ba, ni ma ban taɓa samun bakin yi mata tayi ba. Shekaranjiya ita da abokan aikinta suka tsaya a gaban teburin nan suna jiran keke, wani ya faɗi abin dariya, kowa ya kece. Ita ma ta yi dariyar, har da hawaye, amma kafin sautin ya fito hannunta ya riga ya kai bakinta ya rufe. Ba ta ma san tana yi ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ƙulla leda.